Ƙafar gaban mota da kamun ƙasa a tseren dirag

Ƙafar gaban mota, a bakin makanikai, ita ce haɗakar sifirin da shokozoba da hannuwan ƙarfe da ke riƙe tayoyin gaba a jikin mota. A tseren dirag, wato tseren motoci biyu a kan miƙaƙƙen layi daga tsaye, ana gyara wannan ƙafa domin gaban mota ya ɗaga cikin sauƙi a lokacin tashi, sannan ya sauko a hankali. Manufar ita ce tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura motar, su kama ƙasa maimakon su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Wannan gyara ya fi shahara a kan manyan motocin Amurka na shekarun 1964 zuwa 1972, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji saboda girman injinsu.

Ƙafar gaba ba ita ce ke ƙayyade yawan nauyin da zai koma baya ba. Abubuwa huɗu ne ke yin haka: nauyin mota, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, da ƙarfin fizgar tashi. Aikin ƙafar gaba shi ne ta tsara saurin da nauyin zai koma baya, da tsawon lokacin da zai zauna a can.

Tseren da motocin

Asalin tsawon filin dirag rubu'in mil ne, wato ƙafa 1,320 ko mita 402. Akwai filayen da ke amfani da rabin wannan, mita 201. An fara shirya tseren a tsare a shekarar 1950 a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana, jihar Kalifoniya, sannan a 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA da nufin janye matasa daga tsere a kan titi. Ƙungiyar ta yi gasarta ta ƙasa ta farko a 1955 a Great Bend, jihar Kansas. Tun daga 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta, rukunin motoci mafi gudu suna tsayawa ne a ƙafa 1,000, amma motocin ƙwanji har yanzu rubu'in mil ko rabinsa suke yi.

Galibi ana lissafa Pontiac GTO ta 1964 a matsayin mafarin zamanin motocin ƙwanji. Matsakaiciyar mota ce da aka ɗora wa injin V8 mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325. Sauran kamfanoni suka biyo sahu. Chrysler ya sayar da injin 426 Hemi mai doki 425 a motocin titi daga 1966 zuwa 1971, Plymouth Road Runner ta fito a 1968, sai Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 wadda mafi ƙarfinta ke da doki 450. Dokar tsabtace iska ta 1970, tsadar inshora da matsalar man fetur ta 1973 su suka kawo ƙarshen zamanin.

Duk waɗannan motoci matsalarsu ɗaya ce. Injin ƙarfe ne mai nauyi, yana zaune a kan tayoyin gaba, alhali tayoyin baya ne ke tuƙi. Fiye da rabin nauyin motar yana kan tayoyin da ba sa tura komai. Ga kuma tayoyin wancan lokaci sirara. Idan direba ya taka totur gaba ɗaya daga tsaye, abin da zai samu hayaƙi ne da ƙaurin roba, motar kuwa da ƙyar take gusawa.

Saboda haka 'yan tsere suka fi damuwa da ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18.3. Takardar sakamako da ake miƙa wa direba bayan kowane gudu tana nuna lokacin da ya ɗauka kafin ya kai wannan wuri. Sanannen ƙiyasi a tsakaninsu shi ne, duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da aka rage a nan yakan zama ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen fili.

Yadda nauyi ke komawa baya

Tayar baya tana tura mota ne daga ƙasa, a daidai inda roba ta taɓa kwalta. Nauyin motar kuwa yana sama, a cibiyar da ke kusan rabin mita daga ƙasa. Idan aka tura abu daga ƙasansa alhali nauyinsa na sama, sai ya nemi kifewa baya. Ɗan acaɓa da ya ɗora buhunan albasa a bayan babur a kasuwar Yelwa, ya saki kuloci da gaggawa, ya san wannan a jikinsa, domin tayar gaba takan bar ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ninka nauyin mota da tsayin cibiyar nauyi, a raba da tazarar tayoyin gaba da na baya, sannan a ninka da ƙarfin fizga, wanda ake aunawa da g, wato kwatankwacin saurin da abu ke ƙarawa idan yana faɗowa daga sama. A ɗauki misalin mota mai kilo 1,600, cibiyar nauyinta tana mita 0.50 daga ƙasa, tazarar tayoyinta mita 2.8, kusan daidai da Chevelle mai ƙofa biyu ta 1968 zuwa 1972, wadda tazararta inci 112 ce. A ce kashi 56 cikin 100 na nauyin yana gaba, wato kilo 896 a gaba da 704 a baya. Idan ta tashi da fizgar g ɗaya, kilo 286 za su bar gaba su koma baya. Tayoyin baya yanzu suna ɗauke da kilo 990, na gaba 610.

Babu sifirin ko shokozoba a cikin wannan lissafi. Da za a cire su a walde tayoyin a jikin motar, kilo 286 ɗin nan za su koma baya duk da haka. Ƙafar gaba tana shigowa ne ta hanyoyi biyu. Na farko, idan hancin mota ya ɗaga, cibiyar nauyi ma ta ɗaga. A wannan misali, tashin hanci na santimita 9 zai ɗaga cibiyar da kusan santimita 5, nauyin da ke komawa baya ya tashi daga kilo 286 zuwa 314. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, jikin mota da ke lilo sama yana danna tayoyin baya a daidai ƙiftawar idon da injin ya buge su, lokacin da ko dai su kama ko su zame.

Amfanin tashin hanci yana ƙaruwa ne gwargwadon ɗankon taya. Idan taya tana iya turawa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin da ke kanta, kamar kyakkyawar tayar titi a kan busasshiyar kwalta, motar misalinmu ba za ta wuce fizgar g 0.54 ba, kuma ƙarin santimita 5 ɗin ba zai kai ta ko'ina ba sai 0.55. Idan kuwa tayar tsere ce a kan filin da aka shafa wa ɗanko, mai iya tura ninki biyu na nauyin da ke kanta, fizgar za ta tashi daga g 1.37 zuwa 1.45. Abin yana ciyar da kansa ne: kamu yana kawo fizga, fizga tana kawo nauyi, nauyi yana ƙara kamu. Haka kuma yake warwarewa idan taya ta zame, domin fizga na raguwa hanci zai faɗo, nauyin ya koma gaba, zamewar ta ƙaru.

Sifirin

Abin da ake aunawa shi ne tazarar miƙewa, wato nisan da jikin mota zai ɗaga daga yadda yake a tsaye kafin tayar gaba ta bar ƙasa. Makanike yana auna tsakanin tsakiyar taya da bakin mudugadi, ya sa jak a ƙarƙashin firam, ya ɗaga har taya ta fara lilo, ya sake aunawa. Ga motocin da ƙarfinsu matsakaici ne, abin da aka saba nema shi ne kusan inci 5, wato santimita 12 zuwa 13, ko sama da haka kaɗan.

Sifirin tsere dogo ne, wayarsa siririya ce, kuma mai laushi. Dalilin yana fitowa idan aka kwatanta biyu a ƙarƙashin kaya ɗaya. A ce kowace kusurwar gaba tana ɗauke da kilo 400. Sifirin mai tauri, wanda kilo 30 ke sauke taya da santimita ɗaya, zai matse da santimita 13 kafin ya riƙe motar. Mai laushi, na kilo 15, sai ya matse da kusan santimita 27 kafin ya riƙe kaya iri ɗaya. Motocin biyu tsayinsu ɗaya a tsaye, amma mai laushin ya tara ƙarfi ninki biyu a cikinsa. Da zarar kilo 143 sun bar kowace kusurwa a lokacin tashi, mai taurin zai ɗaga hanci da ƙasa da santimita 5 ya tsaya, mai laushin kuwa zai ci gaba da turawa har santimita 9 da rabi. Wanda ya yanke sifirin don motarsa ta yi ƙasa ta yi kyau a ido, ya rage tsawo ya kuma ƙara tauri a lokaci ɗaya, abubuwa biyun da tashi ba ya so.

Manyan kamfanonin Amurka uku kowa da tsarin ƙafarsa. A motocin General Motors irin su Chevelle, GTO da Camaro, kowace taya tana da hannun sama da na ƙasa, naɗaɗɗen sifirin yana zaune a tsakiyar hannun ƙasa. Tun da yake a tsakiya yake, taya takan motsa kusan ninki biyu na abin da sifirin ya motsa, don haka lambar taurin da ke rubuce a kwalinsa ba ita ce taya ke ji ba. A motocin Ford irin su Mustang, Falcon da Fairlane, sifirin yana kan hannun sama, a cikin wasu turakun ƙarfe da suka cinye wurin injin, kuma tazarar miƙewarsu ta asali ba ta da yawa. Chrysler kuwa, daga 1957 har ƙarshen zamanin motocin ƙwanji, bai sa naɗaɗɗen sifirin a gaba ba. Sanda ce ta ƙarfe a kwance, wadda ke murɗewa idan taya ta motsa. 'Yan tseren Dodge da Plymouth sukan cire sandunan da suka zo da babban injin su sa sirara na motar mai silinda shida, sannan su daidaita tsayin mota da noti ɗaya a kowane gefe.

Shokozoba

Sifirin yana tura hanci sama, shokozoba ce ke cewa da wane sauri. Wadda aka fi sani a wannan fage ita ce 90/10. Ba ta da turjiya sosai wajen miƙewa, amma tana da tauri ƙwarai wajen matsewa, don haka hanci yakan tashi nan take ya kuma ɗauki lokaci kafin ya sauko. Akwai 80/20 da 70/30 ga motocin da ba sa bukatar tashi mai tsanani, a baya kuma an saba sa 50/50. Lambobin kwatance ne kawai, ba awo na ainihi ba, kuma 90/10 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Motocin tsere na yanzu sun fi amfani da shokozoba mai makunni biyu, ɗaya na miƙewa ɗaya na matsewa, wadda ake iya sauyawa tsakanin gudu da gudu.

Saurin miƙewa shi ne wurin da ake yawan kuskure. Idan shokozoba ta saki da yawa, hanci zai ƙure tazararsa kafin mota ta yi nisan mita ɗaya ko biyu. A wannan lokaci hannun sama yana bugun robar tsayawa, sifirin ya daina taimako, kuma tayoyin gaba da birkinsu, waɗanda dā suna zaune a ƙasa, sun zama kaya da dole jikin mota ya ɗauka. Tashin yakan tsaya cak, dannawar da ke kan tayoyin baya ta ragu farat ɗaya. Alamarsa a fili ita ce mota ta kama da kyau a farkon motsi, sannan ta fara zamewa bayan 'yan mitoci. Mai kallo zai ɗauka laifin ƙafar baya ne, alhali maganin shi ne a ɗaure shokozobar gaba kaɗan domin tazarar ta daɗe ba ta ƙare ba. Idan kuwa zamewar tun daga bugun farko take, ana sassauta gaba ne.

Taurin matsewa ma yana da iyaka. Motar da ta ci gaba da ɗaga hanci har ƙarshen fili tana tarar iska a ƙarƙashinta, gudunta na ƙarshe ya ragu, sitiyari kuma ya yi sakayau.

Abubuwan da ke ɗaure ƙafa

Sau da yawa tazarar tana nan a ƙarfe amma wani abu ya hana ta aiki. Bushin roba na asali yana da haƙora a bakin bututunsa na ciki, waɗanda ke cizon ƙarfe idan an ɗaure noti, ta yadda hannu ba ya juyawa sai dai roba ta murɗe. Wannan yana da kyau a titi, amma a tsere ƙarin tauri ne. Ana goge haƙoran, ko a sa bushin da ake yi wa giris, har sai hannu yana iya faɗuwa da nauyin kansa idan an cire sifirin. Sitabilaiza ta gaba, sandar da ke haɗa dama da hagu don rage karkata a kwana, akan cire ta ko a kwance ta, wanda kuma ke rage nauyi a hanci. Robar tsayawa da ke ƙarƙashin hannun sama akan rage mata tsawo. Wanda ya yi haka dole ya duba boljoyin da tiyon birki, domin idan ba robar ce ta tsayar da miƙewa ba, ɗayan waɗannan biyun ne zai tsayar, kuma ba a yi su don haka ba.

Akwai wata illa da ke zuwa da doguwar tazara. Sandar sitiyari da hannuwan taya ba sa bin zagaye ɗaya idan suna sama da ƙasa, saboda haka tayoyin gaba sukan juya ciki ko waje da kansu yayin da hanci ke tashi. Wannan yana goge gudu, kuma yana iya karkatar da mota a lokacin da ta dawo ƙasa. Shi ya sa masu gyara ke saita tayoyin gaba bayan sun ɗaga hanci kaɗan da jak, a tsayin da motar za ta yi yawancin gudunta. Tayoyin gaba su kansu sirara ne a kan rim marar nauyi, batir kuma ana mayar da shi but, galibi ta gefen dama.

Alaƙa da ƙafar baya

Gefen dama ba don ado aka zaɓe shi ba. Furofela da ke kai ƙarfin injin zuwa aksil ɗin baya tana neman murɗa aksil ɗin gaba ɗaya, ta rage nauyi a tayar baya ta dama, jikin motar kuma ya murɗe ta ɗaya ɓangaren. Wannan ne dalilin da a hotunan tsere ake ganin tayar gaba ta hagu ta fi ta dama tashi. Ana gyara shi da ƙarin tauri a sifirin baya na dama, ko jakar iska a cikinsa, ko sitabilaiza mai kauri a baya. Kamfanonin sun kuma sayar da aksil mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, Chevrolet da sunan Positraction, Chrysler da Sure-Grip, Ford da Traction-Lok.

Motocin da ke da sifirin falle-falle a baya, kamar Mustang, Camaro, Nova da dukkan na Chrysler, suna fama da naɗewar sifirin. Aksil yana lanƙwasa shi, taya ta zame, sifirin ya warware da ƙarfi, abin ya maimaitu, taya ta riƙa tsalle har wani lokaci aksil ya karye. Chrysler ya magance wannan da sifirin da rabinsa na gaba gajere ne mai tauri, sauran kuma da sandunan ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sifirin. Kyakkyawar ƙafar baya tana buga taya a ƙasa a farkon motsi, amma bugun na ɗan lokaci ne. Nauyin da ke zuwa daga gaba ne ke karɓar aikin bayan bugun ya wuce, shi ya sa ba a saita ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Tarihin neman kamu

Kafin zamanin motocin ƙwanji, rukunin da ake kira gasa, saboda fetur zalla suke sha, sun bi hanya mafi sauƙi. Tun da tayoyi ba su da ɗanko, sai a ɗaga cibiyar nauyi tun a tsaye. Aka riƙa cire ƙafar gaba ta asali ana sa miƙaƙƙen aksil irin na babbar mota, hanci na kallon sama. Tsofaffin Willys da Chevrolet ta 1955 su ne fuskar wannan rukuni, kuma Willys ta ƙungiyar Stone, Woods da Cook, wadda masu ita baƙaƙen fata ne direbanta Bature, tana cikin waɗanda suka fi suna. Sai da NHRA ta sa doka cewa kada tsakiyar kiranshaf ta wuce inci 24 daga ƙasa.

Kamfanoni ma sun shiga. Ford Fairlane Thunderbolt ta 1964, wadda guda 100 kawai aka ƙera, ta zo da bonet na faiba da ƙaton batir a but. A 1965 Chrysler ya matsar da aksil ɗin baya na wasu Dodge da Plymouth gaba da inci 15, tayoyin gaba kuma da inci 10, ta yadda mafi yawan nauyi ya koma baya kuma tazarar tayoyi ta ragu. Siffar ta yi wa mutane banbaraƙwai har suka riƙa ce musu motoci masu ban dariya, sunan da ya zama na wani rukuni mai zaman kansa har yau. A shekarar kuma kamfanin Hurst ya sa injin Hemi a bayan wata Barracuda da nufin samun kamu. Motar ta ƙi ajiye tayoyin gaba a ƙasa, sai ta koma ta nishaɗi, da sunan Hemi Under Glass.

Abin da ya sauke hancin motoci shi ne taya. Marvin Rifchin na kamfanin M&H ya fara yin taya mai sanƙo, marar zane ko kaɗan, musamman don dirag a shekarun 1950. A tsakiyar shekarun 1960 aka samu mai laushin gefe, wadda ake sa wa iska kaɗan, gefenta ya tattare a lokacin tashi ya shanye bugun injin. Da kamu ya samu, doguwar mota ta zama mai haɗari ba tare da riba ba. Rukunin Pro Stock da aka buɗe a 1970, wanda Bill Jenkins ya ci gasarsa ta farko da Camaro, ya tafi ne a kan mota mai ƙasa-ƙasa da gajeriyar tazara a gaba.

Lokacin da ake rage tazara

Doguwar tazara magani ce ga motar da injinta bai kai ya ɗaga gaba da kansa ba, ko tayarta ƙarama ce, ko filin ba shi da ɗanko. Rukunin Stock na NHRA, inda faɗin tayar baya ba ya wuce inci 9, shi ne wurin da har yanzu ake ganin Camaro da Mustang da Barracuda na shekarun 1960 suna tashi da tayoyin gaba a sama. Idan ƙarfi ya yi yawa, matsalar takan juye. Da zarar tayoyin gaba sun bar ƙasa, dukkan nauyin mota ya riga ya koma baya, babu sauran abin da za a ƙara. Duk tashin da ya biyo baya asarar ƙarfi ne, direba ba shi da sitiyari, kuma faɗowar takan fasa kaskon mai ko ta lanƙwasa ƙafa. A irin wannan mota ana ɗaure hannuwa da igiyar lailon, sarƙa, ko noti mai daidaituwa, a bar inci biyu ko uku, wani lokaci a ƙara sanduna masu ƙananan tayoyi a baya.

Nau'in taya ma yana sauya saiti. Taya mai sanƙo ta gargajiya tana jure ɗan zamewa, tana kuma son a buge ta da ƙarfi. Tayar radiyal ta tsere, wadda ta bazu daga shekarun 1990, gefenta ya fi tauri, kuma idan ta fara zamewa ba ta cika sake kamawa ba, don haka masu ita sun fi son hanci ya tashi a hankali ba tare da ya ƙure ba.

A titi, da kuma a ƙasar Hausa

Saitin dirag bai dace da titi ba. Mota mai sifirin laushi, babu sitabilaiza, da shokozoba 90/10, tana karkata sosai a kwana. A hanya mai gargada hanci yakan yi ta hawa ba ya saukowa, birki kuma ya rage ci domin tayoyin gaba ba su samun nauyi da wuri.

A jihar Kebbi, tseren da aka sani su ne na kwale-kwale a bikin Rigata na Yauri da tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, wanda na doguwar hanya ne. Motar irin wannan tsere ita ma tana bukatar doguwar tazara, amma don taya ta bi ramuka ba tare da ta bar ƙasa ba, da shokozoba mai riƙewa ta kowane ɓangare. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta yi suna da wannan, kuma ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a shekarar. Kamar motocin ƙwanji, injinta a gaba yake, tayoyin baya ke tuƙi.

Lissafin nauyi dai ɗaya ne a ko'ina. A-kori-kura da ta sauke kaya a bakin kogi, ta kasa hawa gangare saboda tayoyin baya na zamewa, takan fita idan mutane uku ko huɗu suka hau bayanta. Golf ta haya a hanyar Yelwa zuwa Kontagora kuwa tayoyin gaba ne ke janta, saboda haka buhunan da aka danƙara mata a but da fizgar tashi duka suna rage nauyi ne a kan tayoyin da take bukata, kuma a hawa mai yashi su ne ke fara juyawa.